Kaset ɗin Mama da Injin da Ke Suma

Litinin, 20 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Ya tashi! Ordinatar ɗina, wato kwamfuta, da hannuna na haɗa shi tun daga ƙusa ta farko har ta ƙarshe, na danna maɓalli, fanka ta juya, ekaran, wato allonsa, ya kawo haske. Yaya Ezekiyel ne ya sayi kayan a Yamai ya saka min a bas, kowanne cikin kwalinsa, ya bi su da gargaɗi a waya wai in kai wa Halidu mai gyaran rediyo ya haɗa min. Na ce, Yaya, ni fa nake koyar da ordinatar a kwaleji nan Madawa, yara ɗari suna ce min Madam Ƙauna. Ya ce koyarwa daban, haɗawa daban. To ga shi nan yana huci a kan teburin Baba, sai ya zo ya gani da idonsa.

Bari in rubuta abin da ya sa na shiga wannan aiki. Ranar da za mu kai Baba asibitin mishan, ina tsugune ina sa masa takalmi, ya ce in buɗe akwatinsa na ƙarfe. Ƙarƙashin tsohuwar rigarsa ta aikin jinya akwai kaset guda, an rubuta Zumuntar Mata da biro a jikinsa. Ya ce, "Uwakku na ciki. In kina iyawa, ɗiyata, ina son in ji ta." Iyakar maganar ke nan. Ina da shekara huɗu Mama ta rasu, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kama sunanta ba, balle ya ba da labarinta. Halin mutanen zamanin baya ke nan, alkunya. Sunan ma, Tani, a bakin ƙanwarsa Goggo Kulu na tsince shi.

Kaset ɗin ya kusa sa'ata. Na saka shi a rediyon Baba na ɗan lokaci, shuuu ta fi waƙar yawa, zaren kuma yana barin jan gari a duk inda ya goga, wato kowane juyi cin ransa yake yi. Na ɗauki kaɗan da salula na kai wa Baba, ya kasa kunne ya ce shi ruwan sama kawai yake ji. Kunnensa dama ya yi nauyi. Don haka shirina shi ne in zuba sautin ta igiya daga rediyo zuwa ordinatar, sau ɗaya tak, in wanke hayaniyar, in ɗaga muryar. Injunan lekol, makarantar da nake koyarwa, ba su karɓar sauti, ga shi ana hutu, darakta ya kulle ɗakin ya tafi da makulli.

A ɗan abin da na ji akwai mace mai ba da waƙa, muryarta siririya tana hawa sama, sauran suna amsawa. Jikina ya ba ni ita ce.

Saura igiyar sauti. Halidu ya ce sai Laraba.

Talata, 21 ga Maris, da la'asar

Yini guda yana aiki, ko tari bai yi ba. Goggo ta kira daga asibiti, Baba ya sha kunu rabin kofi.

Alhamis, 23 ga Maris, bayan azahar

Yau maƙwabta suka ɗauki azumi. Tun da hantsi nake jiyo Inna Furera, matar Malam Sule, ta bayan katanga tana faɗa da jikokinta kan ƙulla ledar ƙanƙara. Sana'arta ke nan duk watan azumi, rabin unguwa da ƙanƙararta suke buɗa baki.

Na sa wa rediyo sabon batir don kada ɗaukewar wuta ta ja min zare. Na jona igiya, na yi addu'a, na danna. Sauti ya fara shiga lafiya lau, har na gyara zama. Ana cikin waƙa ta biyu, sai ɗif. Ekaran ya yi baƙi, sannan injin ya sake tashi da kansa kamar ba shi ya yi ba. Ba wuta aka ɗauke ba, don fankar sama tana juyawa. Abin da na ɗauka kuwa ya lalace, ya ƙi buɗuwa.

Da na firgita na doka wa rediyon yatsa da ƙarfi, zaren ya naɗe a jikin ƴar robar da ke jansa. Da biro da tsinken tsintsiya na warware shi. Ya ɗan tattare, amma bai tsinke ba.

Ban damu ba. Sabon inji ne, dole mu ɗan yi sa-in-sa kafin mu saba. Amma kaset ba zai sake shiga rediyo ba sai na san abin da ke sumar da shi.

Juma'a, 24 ga Maris, ƙarfe uku

Na gano ta. Zafi ne. Wa zai zauna cikin akwatin ƙarfe a Madawa a wannan watan bai suma ba? Ni kaina da nake da baki da ƙafa, randa nake zagayawa. Na cire murfin gefe, na goge man da ke kan furosesar, ƙwaƙwalwar injin, na shafa sabo, na ɗauko fankar ƙasa na saita masa ita a ciki. Yanzu shi ke shan iska, ni nake zufa.

Ƙarfe shida

Ya suma ina kallonsa, ba na ma taɓa shi. Na sa hannu, jikinsa sanyi ƙalau.

Lahadi, 26 ga Maris, da yamma

Daga coci na wuce asibiti. Hanya ta cika da manyan motocin albasa, hiyas ɗinmu, ƙaramar bas, tana bin bayansu kamar rakiya, na isa rigata duk warin albasa.

Baba yana jingine da filo biyu. Yana ganina ya ce, "An gama?" Na ce saura kaɗan. Ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa." Bai ƙarasa ba, ni ma ban ƙarasa masa ba.

Na yanke masa farce. Agogonsa yanzu har gwiwar hannu yake sulluɓowa, sai na cire na saka a jaka, na ce gyara zan kai. Goggo ta biyo ni baranda tana son magana. Na ce mata mota za ta tashi.

Talata, 28 ga Maris, da hantsi

Na kira Yaya. Da ma ban kira ba. "Ai na hwaɗa miki ki kai ma Halidu," shi ne gaisuwarsa. Na ce Halidu da ya ga cikin injin cewa ya yi ina bel ɗinsa yake. Muka yi dariya, sannan ya ce in duba baret, ƴan sandunan nan biyu da inji ke riƙe aikinsa a cikinsu, wai sau da yawa ɗaya kan zo da ciwo tun daga kanti.

Na gano ta, ko in ce mun gano ta. Na cire ta hagu na bar ta dama. Ya suma. Na cire ta dama na mayar da ta hagu. Ya suma. Ba zai yiwu duka biyun su zo da ciwo ba, sai dai in mai kantin ya tsani Yaya.

Yaya ya tambayi jikin Baba. Na ce da sauƙi.

Laraba, 29 ga Maris, ƙarfe ɗaya

Na share komai na sake zuba masa tsarin aiki daga farko. Yana tsakiya ya suma. Na sake, ya haye. Na zauna ina jiransa da hannu a haɓa, bai ba ni kunya ba, kafin azahar ya sake faɗuwa.

Abin da ke ba ni haushi, ba shi da lokaci. In ina aiki mai nauyi ya yi shiru, in na bar shi yana hutawa ya faɗi. Amma ruwa ba ya tsami banza. Inji ba shi da aljanu, dalili gare shi, kuma zan kamo dalilin.

Juma'a, 31 ga Maris, da magariba

Yau kam na gano ta, kuma wannan karon da shaida. Da safe na ciro baret ɗin, na goge haƙoransu da gomin fensir, wato magogi, har suka yi ƙyalli, na hure ramukansu, na danna su sai da na ji ƙas. Tun daga lokacin bai ƙyafta ba. Na loda masa aiki iri-iri don mugunta, ya ɗauka. Ƴar dauɗa ce kawai ta so ta mai da ni abin dariya.

Unguwa yau ba daɗi. Firigon Inna Furera, firijin ƙanƙararta, ya ƙi tashi tun safe, Halidu yana can yana fama da shi, yara sai zuwa suke da kula suna komawa hannu biyu.

Na aika wa Yaya saƙo: Madam Ƙauna ta yi nasara, a shirya tukwici. Gobe kaset.

Asabar, 1 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya

Ya tsinke.

Ƙarfe huɗu

Yanzu bari in rubuta. Ya wuce waƙa ta biyu, ya wuce ta uku, har na fara murmushi. Sai ɗif. Wannan karon a hankali na tsayar da rediyo, wallahi a hankali, amma wurin da ya tattare tun ranar nan bai jure ba da na zo mayar da shi baya.

Na buɗe kaset ɗin da ɗan sukudireba, na daidaita bakin zaren biyu, na yanke inda ya yamutse, na liƙe da ɗigon janfarce yadda Yaya ke yi wa kaset-kaset ɗinsa muna yara. Ya kama. Amma abin da na yanke ya kai tsawon yatsa. Ban san abin da ke kansa ba, wataƙila kalma ɗaya ce, wataƙila numfashinta ne. Na kasa jefar da shi, na saka shi cikin Littafi Mai Tsarki.

Na yi kuka. Ba don inji ba. Na tsani injin nan yau, kuma ina jin tsoro.

Lahadi, 2 ga Afrilu, da azahar

An mayar da Baba ƙaramin ɗakin da ke kusa da ofishin majo, babban ma'aikacin jinya. Shekara da shekaru ya yi yana aiki a asibitin nan, ya san waɗanda ake kaiwa ɗakin.

Bai tambaye ni ko an gama ba.

Talata, 4 ga Afrilu, da safe

Yaya ya ce ƙila alimantasiyo ce, akwatin da ke raba wa inji wuta. Zai nemo wata, ya haɗo da ondilar mai riƙe wuta in ta yi rawa, amma patoronsa, maigidansa na wurin aiki, ya ce ba hutu sai bayan Ista, sai ya taho da su da kansa. Na ce a sa a bas. Ya ce kaya masu batir direbobi wulaƙanta su suke. Na ce to.

Goggo ta kira. Ba gaisuwa, ba komai. "Ƙauna, mi kika jira? Ki yi hamzari, ɗiyag ga." Na ce ina kai. Ta ce, "Ni dai na hwaɗa miki."

Zaren nan juyi ɗaya ya rage masa, na sani. Ba zan ba shi ga injin da ban yarda da shi ba. Na bi kowace igiya ta cikin akwatin na cire na mayar. Na canza wurin jona shi a bango. Ya suma kafin in gama wanke hannu.

Alhamis, 6 ga Afrilu, bayan magariba

Na gano ta. Na san na sha rubuta haka, amma yau ban ce komai ba sai da na gwada.

Inna Furera ta aiko min da kunu da ƙosai na buɗa-baki kamar yadda take yi kowace shekara. Ina zaune a ɗaki ina ci, na kunna ƙwan lantarki saboda duhu ya fara, inji yana aiki. Sai na ji gurrr daga bayan katanga, ƙwan ya yi ja kamar zai mutu ya dawo, ekaran ya yi baƙi. Na ajiye ƙosai. Na sake kunna shi, na zauna na kasa kunne. Da aka jima, gurrr, ƙwai ya ƙyafta, inji ya faɗi.

Firigon ƙanƙara ne. Duk sanda ya tashi sai ya fizgi wuta, wutar da dama a wannan zafin da ƙyar take isowa. Fanka ba ta damu ba, ɗan sassautawa take yi, injina ne ba ya jure ko ƙyaftawar ido. Da rana nake aiki, ƙwai a kashe, ina zan gani? Kwanakin farko da ya yi lafiya, ba a ɗauki azumi ba, babban firigon yana kashe. Ranar da na yi ta yabon gomin fensir kuwa, firigon ne ya lalace. Madam Ƙauna ta yi nasara! Na yi dariya ni kaɗai har na ƙware.

Wutarmu ɗaya da su. Tun ina ƴar ƙarama, da Malam Sule ya taso daga Urno ya gina gida jikin namu, Baba ya ja masa waya daga kontarmu, wato mitar wuta, ta saman katanga. Ga ta nan kullum tsuntsaye na sauka a kanta, na daina ganinta ma.

Injina lafiyarsa ƙalau. Haɗina ba shi da aibu. Wannan ma a rubuta.

Juma'a, 7 ga Afrilu, bayan sujada

Magani a fili yake: a kashe firigo na awa ɗaya. Faɗar ce aiki.

A gidan nan ba a maganar wayar nan. Wata shekara Yaya yana saurayi ya ce fankarmu ba ta gudu saboda gidan Malam Sule, Baba ya ajiye cokali ya ce abin da ka ba maƙwabci ya fita hannunka, in ka waiwaye shi gori ka yi. Bai sake cin abincin ba. Su ma can ba su taɓa cewa an gode ba, sai dai cinyar rago ta tsallako da Layya, shinkafarmu ta tsallaka da Kirsimati. Yanzu ni, ƴar da Inna Furera ta goya, in shiga in ce ta kashe firigo, cikin azumi, cikin wannan zafi, Baba kuma yana kwance? Za a ce tun bai tafi ba ɗiyarsa ta fara ƙirga wuta.

Na rubuta tun bai tafi ba. Ban so rubuta shi ba.

Na je har ƙofarsu na dawo. Na ce wa kaina ana sallar Juma'a.

Asabar, 8 ga Afrilu, da yamma

Da hantsi na shiga. Na same ta gaban firigo tana jera ledoji. Na gaishe ta, na gaishe ta kuma, na tambayi azumi, na tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya. Ta miƙe ta riƙe ƙugu.

"Ƙauna, ni na goya ki ko ke kinka goya ni? Hwaɗi abin da ya kawo ki."

Na faɗa mata duka, kaset da janfarce da ƙwan da ke ƙyaftawa. Ina magana ina kallon ƙasa. Da na gama ta ce, "Tun yaushe kinka sani?" Na ce shekaranjiya.

"Shekaranjiya! Babanku na can kwance, ke kina nan kina jin kunyar ƙanƙara? Ƙanƙara uwar wa ta haihwa?" Ta sa hannu bayan firigon ta fizge igiyar. Ta ɗaga murya ta kira Malam Sule. Ya fito da carbi a hannu, ya saurara, ya je ya zare wayar gidan gaba ɗaya daga inda ta shigo. Na ce firigon kawai ya isa, su bar fanka ko don yara. Ya ce, "Tahi ki yi aikinki. In kin ƙare ki buga katanga."

Na dawo. Na saka kaset a rediyo. Na danna.

Waƙa ta ɗaya. Ta biyu. Da aka zo wurin janfarce na rufe ido, na ji ɗan ƙit, ya wuce. Ta huɗu, ta biyar, wadda ban taɓa ji ba. Gidan Malam Sule tsit, ko kukan yaro babu, ina jin Inna Furera ta kore su waje. Zaren ya tafi har ƙarshe, rediyo ta yi ƙas ta tsaya da kanta. Na adana. Na buɗe, ya buɗu. Na sake buɗewa don in tabbata.

Na manta ban buga katanga ba sai da la'asar. Ba wanda ya leƙo ya tambaya. Ƙanƙarar yau ba ta kama ba, ina jiyo Inna Furera tana sallamar masu kula: "Ku sha na randa, da shi kakanninku sunka yi azumi."

Yaya, koyarwa da haɗawa duk na iya.

Lahadi, 9 ga Afrilu, Ista, ƙarfe biyar

An tashi coci na taho da gudu, ban tsaya cin shinkafar zumunci ba. Inna Furera ta ce daga azahar zuwa la'asar wuta tawa ce.

Na wanke sautin tas. Shuuu ta tafi. Kukan jariri da tarin wata tsohuwa na rage su. Babban aikin shi ne tulu. Matan zumunta da tulun ƙasa suke kiɗa, suna buga bakinsa da soso, to wadda ke bugawa a kaset ɗin nan kamar a kan makirufo ta zauna. Dum, dum, dum, ya danne kowa. Ga ta da gaggawa, ba ta jiran masu amshi. Ko wace ce, Allah ya gafarta mata, ta ba ni wahala. Na bi shi na sauke, na sauke, har ya ɓace.

Yanzu muryar ta fito fes, kamar tana tsaye a ɗakin nan. Na saurare ta ina ta neman inda ta yi kama da tawa. Ina jin a ƙarshen baiti, inda take ɗan karya murya.

Na zuba a salula. Gobe ba lekol, motar farko zan shiga.

Litinin, 10 ga Afrilu, da magariba, a barandar asibiti

Ban san ta inda zan fara ba.

Na iso da hantsi. Goggo ta tashe shi, muka ɗaga masa kai. Na sa masa abin kunne, na ce, Baba, an gama. Na danna, na tsaya ina kallon fuskarsa, ina jiran abin da na yi makonni ina jira.

Ya saurara. Ya daɗe yana saurare. Sannan ya buɗe ido ya ce, "Wagga Ni'ima ta, matar pasto." Na ce, Baba, Mama ce. Ya girgiza kai. "Ina tulun?"

Na ce na cire shi, yana danne waƙar.

Goggo ta dafe baki. Baba ya dube ni, ba fushi, kamar ma dariya ke son zuwa ba ƙarfin yin ta. "Uwakku ba ta iya waƙa ba, ɗiyata. Ko amshi hana ta aka yi. Ita am mai tulu."

Na zauna a bakin gado. Jiya rabin yini na yi ina goge uwata da hannuna, har ina mata addu'ar gafara.

Amma ban taɓa na asalin ba. Abu na farko da nake koya wa yara ke nan, kada ka yi gyara a kan asali, kwafi ake gyarawa. Yana nan cikin inji, a Madawa. Na ce, Baba, jira ni. Ya ce, "Ina zan tahi?" Goggo ta juya ta fuskanci bango.

Ban jira hiyas ta cika ba, kabu-kabu na hau har gida, mai babur yana ratsa motocin albasa ina ce masa ƙara. Ina sauka na yi karo da Inna Furera a ƙofa. Ta dubi fuskata kawai, ba ta tambaye ni komai ba, ta juya ciki da sauri. Kafin in buɗe ɗaki na ji gurnanin firigo ya tsaya. Inji ya tashi, ya ba ni abina. Ban wanke komai ba, ƙara kawai na ɗaga.

La'asar ta yi na dawo. A bakin ƙofar ɗakin na tsaya, na kasa shiga, sai da na ji tarinsa.

Na sa masa. Shuuu ɗin nan duka, da jariri, da tsohuwa mai tari, da dum, dum, dum a kan kowa. Ni ina jiyo shi kaɗan-kaɗan daga abin kunnen. Idonsa a rufe. Can sai na ga yatsansa yana motsi a kan ƙarfen gado, yana bugawa.

"Ga ta nan," in ji shi.

Aka jima ya ce, "Kin jiya? Kullum sai ta riga su. Matar pasto ta yi hwaɗa har ta gaji. Gaugawa gare ta, kamar ke." Yatsan bai tsaya ba. Sai ya ce, a hankali, ba da ni yake ba, "Tani, Tani, jira mutane."

Yau na fara jin sunan a bakinsa. Goggo ta fita waje. Ni na zauna a ƙasa na jingina da gadon, ina jin bugun yatsansa a ƙarfen ta bayana.

Da ya ƙare ya ce, "Maido shi daga hwarko."

Talata, 11 ga Afrilu, da azahar

Batirin salula ya ƙare, majo ya ara mana caja. Baba bai ci komai ba. Ya ce a maido daga farko.

Alhamis, 13 ga Afrilu, da hantsi

Malam Sule da mazan coci sun kafa rumfa a ƙofar gida. Yaya ya iso jiya da yamma, ya makara da rabin yini, Baba ya riga ya cika. Mata sun cika tsakar gida, kowa ta shigo sai ta kama hannuna ta ce in yi haƙuri, ina cewa na gode.

Na sulale na shige ɗaki na sa abin kunne. Ban bi ta kan mai ba da waƙa ba.

Gaskiyar Baba, tana riga su. A kowace waƙa sai ta riga su. Ina ta bin ta da yatsa a kan gwiwata, har yanzu ban kamo ta ba.